Daga Nan Fa, Ya Gado?

An ce kishi kumallon mata ne. To, wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama kusa da ƙanena Gado ba. Ni na zauna, har yau ma ina zaune, domin teburinsa na agashe, wato tsirenmu na nan Sudan, da robar godogodona, irin furar da nake sayarwa, a jere suke a bakin kasuwar Gadarif, daidai inda masu raksha, keken haya mai ƙafa uku, ke juyawa. Sunana Asiya. Ni ce babbar yayarsa, ni na goya shi, saboda haka in na faɗi aibinsa ba gulma na yi ba.

Gado magidanci ne, furfura ta fara leƙo masa a gemu. In ka gan shi yana yanka nama fale-fale, yana birkima shi cikin garin ƙuli da yaji, yana kafa tsinkaye a yashi kewaye da garwashi, sai ka rantse babu abin da ke ransa sai sana'a. Ina! Abin da ke ransa wani gem ne, irin wanda ake jona wa talabijin, a riƙe wata 'yar aba a hannu ana danne-danne kamar mai tsince tsakuwa a wake.

Tun yana saurayi ya same shi. Wani direban babbar mota da ke zuwa daga Bur Sudan, wanda ya saba cin nama a wurinsa, shi ya bar masa akwatin da faifai guda ɗaya a ciki. Faifan ba bango, rubutun da ke fitowa a allo kuma ba Larabci ba ne, ba Turanci ba, wani abu ne kamar sawun kaji a kan laka. Duk unguwarmu babu wanda ya iya karanta shi, don haka babu wanda ya san sunan gem ɗin. Gado ya yi masa huɗuba da kansa, ya raɗa masa Mai Sanda.

Na kalle shi har na haddace, ba don ina so ba. Mutum biyu ne ke tafiya a ƙasa. Na gaba yana riƙe da sanda, na baya yana saɓe da salkar ruwa. Kullum rana a gabansu take fitowa. Su keta rairayi, su hau duwatsu, kuraye su tare su, 'yan fashi su tare su. Mai sanda shi ke faɗa, in ya galabaita mai salka ya matso ya ba shi ruwa. A ƙarshe su iso bakin teku, ga wani jirgi can nesa, sai allo ya yi baƙi, sawun kaji ya dinga hawa sama. Shi ke nan fa abin da ya hana ƙanena sakat kusan shekara ashirin.

Shi a wurinsa labarin kakanmu ne. Kakanmu Malam Ibrahimu daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa da niyyar Makka. Da ya iso Gadarif guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya tukuna. Damina ta kawo aure, aure ya kawo mu. Har ya koma ga Allah bai ga teku ba.

“Yaya, ke ba ki gani?” in ji Gado. “Gabas suka nufa. Mutanen da suka yi abin nan sun san da mu, wallahi.”

Na ce masa masu rubutu kamar sawun kaji ina suka san Haɗeja? Ya ce ni dai godogodo na sani.

Gem ɗin mutum biyu ke buga shi. Mai sanda na Gado ne, wannan ba a tattauna shi. Mai salka kuwa na Usumanu ne, abokinsa tun suna wasan ƙasa. Usumanu dogo ne, shiru-shiru, in ya yi maka magana biyar a yini to ranar ya sha jabana, gahawarmu mai ƙarfi, da yawa. Aikin gona yake yi. Da damina yana Gedambaliya a kan tarakta, da kaka yana Ƙala'at an-Nahal wurin yankan riɗi. Suna da wata doka tsakaninsu: in Usumanu ba ya gari, ba a taɓa akwatin. Gado ya lulluɓe shi da tsohon zanen mahaifiyarmu ya ɗora a kan kwaba. In ya dawo kuwa, kowace Juma'a bayan masallaci suna ƙarƙashin rakuba, rumfar karan da ke tsakar gidan Gado, da batirin mota a gefe saboda halin wuta.

Sun kai bakin tekun nan sau ba adadi. Abin da ya tsaya wa Gado a wuya shi ne ba a yi kashi na biyu ba. Ya tambayi direbobi, ya tambayi masu shagon gem na kasuwa, kowa ya ce bai taɓa jin labari ba. Da ya ga masu abin sun yi barci, sai ya shiga yin kashi na biyun da bakinsa.

Tsakanin la'asar da magariba ake yi, lokacin da garwashi ke kamawa, nama ya fara tsattsafar da mai. Akwai wani benci a gaban teburinsa. Masu raksha, 'yan dako, wani tela da ke rufe shago da wuri, duk nan suke sauka. Gado yana juya tsinke yana yanke hukunci. Kashi na biyu dole a shiga jirgin nan, kuma dole iska ta kifar da shi, domin jirgin da ya kai lafiya ba labari ba ne. Kada a sa bindiga. Gem ɗin bindiga na yaran yanzu hauka ne da hayaniya. Kada a sa mota. A sa damina, da laka irin tamu mai ƙwace wa mutum takalmi. A sa inda matafiyi zai tsaya ya yi salla ƙarfinsa ya dawo. Sandar kuma ta tsufa, ta tsage, a ɗaure ta da fata, don sabuwar sanda rashin kunya ce ga wadda ta kawo ka. Wata rana ya ce sai an sa raƙumi, washegari ya ce duk wanda ya sa raƙumi ya ɓata gem, kuma a duk ranakun biyu shi ke da gaskiya.

Amma ba surutun ne daɗin ba. Daɗin yana wurin tsayawa. In Gado ya kawo labari gaɓa, misali igiyar ruwa ta taso kamar dutse, sai ya yi shiru, ya sunkuya ya juya tsinke, ya gyara garwashi. Kowa ya ƙosa. Tela ya tambaya, ya yi kamar bai ji ba. Mai raksha ya tambaya, ya ce nama yake dubawa. Sai Usumanu, can ƙarshen benci, ya ɗago kai a hankali ya ce:

“Daga nan fa, ya Gado?”

Nan take fuskar ƙanena za ta washe, labari ya ci gaba. Wannan tambayar ita ce abincinsa. In Usumanu yana gona, labarin ma ramewa yake yi.

Ni da ke gefe ina dama godogodo na lura da abu ɗaya. A duk kashi na biyun da Gado ya tsara, kuma ya tsara su da yawa, mai salka bai taɓa yin komai ba sai bin baya da miƙa ruwa. Mai sanda ya yi iyo, ya yi dambe da kifi, ya auri 'yar sarkin tsibiri ya sake ta. Mai salka yana nan a baya da salkarsa. Usumanu bai taɓa cewa uffan ba, ni ma ban ce ba.

Sai yaƙi ya tashi a Hartum, mutane suka yi ta kwararowa Gadarif, makarantu suka cika, gidaje suka cika. Cikinsu har da Mutaz, ɗan baffanmu. A Hartum aka haife shi, yana da shagon gyaran waya a can, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya iso da matarsa Manahil da 'yarsu ƙarama da jaka ɗaya. Wannan kuwa kada a manta wa Gado: shi ya je tasha ya ɗauko su. Ya kwashe kayansa daga guttiyarsa, ɗakinsa na jinka da ya fi kowane sanyi a gidan, ya ba su. Ya fitar da angareb ɗinsa, gadonsa na igiya, ƙarƙashin rakuba yana kwana sauro na cinsa. A gabana ya dafa kafaɗar Mutaz ya ce:

“Ya ahi, gida gidanka ne har ranar da Allah ya buɗe hanya. In na ji ka yi mini godiya mun ɓata.”

Mutaz ya daɗe ba ya magana. Yana zama ya zuba wa bango ido. In raksha ta yi ƙara a waje sai ya zabura. Ranar da na fara ganin haƙoransa wata Juma'a ce, Usumanu ya dawo daga shuka, aka yaye wa akwati zane. Allo na kamawa Mutaz ya miƙe tsaye.

“Ya salam! Wannan lu'ubar tana nan da rai? Ina yaro na buga ta, irin mai Turanci.”

Gado kamar ya yi rawa. Shekara da shekaru bai taɓa haɗuwa da wanda ya san Mai Sanda a wajen gidansa ba. Ya kama hannun Mutaz ya ce, “To faɗa wa Yaya, don Allah. Ba Makka suka nufa ba?”

Na ga Mutaz ya dubi allo, ya dubi fuskar Gado. Ya ce, “Gabas dai suka nufa, Yaya Gado. Sauran kowa da yadda ya gani.”

Daga baya na ritsa shi a bakin randa na ce ya gaya mini gaskiyar labarin. Ya yi murmushi ya ce, “Bar shi, Yaya Asiya. Nasa ya fi na masu shi daɗi.” Tun daga ranar yaron ya kwanta mini a rai.

Gado da kansa ya ja shi zuwa benci, yana nuna shi kamar wanda ya sayi sabuwar riga. Kwana biyu lafiya lau. Sai wata la'asar tela ya ce, tunda baƙonmu ya san gem ɗin, shi me yake so a sa a kashi na biyu? Mutaz ya ce a'a, wannan fagen Yaya Gado ne. Gado ya ce ya faɗi mana, cikin isa, irin ta wanda ya san babu abin da ya rage a faɗa.

“Ni ra'ayina,” in ji Mutaz, “kashi na biyu na mai salka ne.”

Kowa ya juyo ya dube shi, shi kuma ya ci gaba.

“Wa ya taɓa tambayarsa ina ne garinsu? Shinu ya sa ya biyo mutumin nan? Tun daga farko har bakin teku yana ba da ruwa, ba mu taɓa ganin shi ya sha ba. Ni da za a ba ni, jirgi ya ɗauki mai sanda ya tafi, mu kuma mu tsaya da wanda aka bari a gaɓa. Ya juya ya kama hanyar gida shi kaɗai, ba sanda, sai dabara.”

Ya tsaya nan, ba don salo ba, shi iyakar maganarsa ke nan. Can ƙarshen benci Usumanu ya ɗago kai. Ya gyara zama, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya.

“Daga nan fa, ya Mutaz?”

Ranar Gado ya ƙona tsinke huɗu ko biyar, abin da ban taɓa gani ba tun da ya gaji teburin daga babanmu.

Bayan magariba ya matso kusa da robata kamar zai sayi godogodo. “Yaya, kin ji shi?”

“Na ji wa?”

“Usumanu. Da muryar da yake tambayata fa ya tambaye shi. Ita ɗin dai, ba canji.”

Na ce to da wace murya kake so ya yi, ta akuya? Bai yi dariya ba. Nan na gane abin ya shiga.

Daga nan ƙanena ya koma wani iri. Abincin baƙi bai ragu ba, kai, ƙaruwa ma ya yi. Tsoka mafi laushi ita yake naɗe wa Mutaz, amma yana miƙawa yana kallon gefe. In Mutaz ya ciro waya ya nuna wa Usumanu wani gem na noma, su biyu suna dariyar tarakta da ba ta taɓa kafewa a laka, sai Gado ya ɗaga murya ya ce gem ɗin da ake bugawa da ɗan yatsa ɗaya ai tsokana ce, ba gem ba. In Mutaz ya ce a kashi na biyu zai so a ji kiɗa mai sanyi, Gado ya ce kiɗa ke ɓata tafiya. In Mutaz ya ce to a bar shi shiru, Gado ya ce wane irin gem ne kamar gidan makoki. Ya kai har in Usumanu ya zauna, Gado na auna tazarar da ke tsakaninsa da Mutaz da ido.

Ya yi ƙoƙari kuma, in ba shi haƙƙinsa. Ya kwana yana tunani, ya zo ya sanar cewa a sabon kashi na biyunsa an yi wa mai salka alheri: an ɗinka masa sabuwar salka, ta fatar akuya, mai ɗaukar ruwa ninki biyu. Usumanu ya ce, “Madalla.” A makon nan Mutaz ya riga ya ba mai salka gari a gindin dutse, da uwa makauniya mai jiransa, da rijiyar da ya yi alkawarin haƙawa. Ni kaina da ba ruwana da gem, sai na tsinci kaina ina son jin ko zai tarar da tsohuwar da rai.

Har yanzu Usumanu yana tambayar Gado, ban ce ya daina ba. Amma tambayar da aka saba ba mutum shi kaɗai, yanzu an raba ta biyu, kuma Gado bai iya cin rabi ba.

Kaka ta yi, riɗi ya nuna. Shi riɗi ba ya jira, in aka yi sake ya fashe ya zube a ƙasa, don haka Usumanu ya tattara ya tafi Ƙala'at an-Nahal. Gado ya lulluɓe akwati, ya sami sauƙi kamar wanda aka cire wa ƙaya. Mutaz ya taɓa cewa ko za su buga su biyu kafin Usumanu ya dawo, shi ya riƙe mai salka. Gado ya ce doka doka ce. Ana haka wata rana wayar Mutaz ta yi ƙara a benci. Usumanu ne, ya hau wani tudu ya sami layi. Ya gai da kowa, ya gai da Gado, sannan muka ji yana tambayar Mutaz a waya ko mai salka ya ƙetare wani kwari da suka tsaya a kai. Shekarun nan duka Usumanu bai taɓa kiran Gado daga gona ya tambayi labari ba.

Akwai wata al'ada tsakaninsu. Duk ranar da Usumanu ya dawo daga yankan riɗi, kafin ya je gida, kafin ya wanke ƙurar jikinsa, teburin Gado yake fara zuwa. Ya ajiye masa 'yar jakar sabon riɗi, ɗaure da shuɗiyar igiya irin ta buhu, Gado ya miƙa masa tsinken farko. Wannan karon ma ya zo, da la'asar, ga jakar a hannu. Suka rungumi juna, suka bubbuga kafaɗa. Gado ya juya zai zaro tsinke. Usumanu ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ce:

“Ina Mutaz?”

Bai ko ajiye jakar ba tukuna. Ina kallon bayan wuyan ƙanena, na ga jijiya ta tashi.

Mutaz ya iso ba da jimawa ba, benci ya cika, har da wasu 'yan Hartum biyu da suka saba zuwa jin hira. Usumanu ya zauna da jakarsa a cinya. Gado ya share murya ya ce yau akwai sabon kashi na biyu. Muryarsa ta yi laushi fiye da kima, ni na san wannan laushin tun yana yaro.

“A bakin tekun nan,” in ji shi, “suna jiran jirgi, sai suka tsinci wani mutum. Garinsu ya ƙone, ba shi da ko tabarma. Mai sanda ya ji tausayinsa. Ya ba shi inuwarsa, shi ya koma rana. Ya ba shi abincinsa. Ashe mutumin baki gare shi. Kullum yana gefen mai salka yana masa raɗa, kai ne babba, kai ne mai tafiyar, wancan me ya fi ka? Har mai salka ya fara mantawa da wanda suka keto daji tare.”

Ya tsaya. Ya sunkuya ya juya tsinke. Babu wanda ya tambaya. Tela yana kallon takalminsa, 'yan Hartum ɗin nan sun daskare. Na ce, “Gado!” da muryar da nake kiransa in ya nufi rijiya yana rarrafe. Amma ya riga ya hau, sai ya ba kansa amsa.

“Daga nan sai mai sanda ya tuna ashe baƙo raɓa ne. In rana ta ɗaga, ya kamata ya san inda ya nufa.”

A wurinmu ba a ce wa baƙo tafi. Ko shekara zai yi, ko tukunya za ta koma rabi, ba a faɗa, domin kowane gida a unguwarmu baƙo ne ya kafa shi, wani ya ba kakansa inuwa. Shi ya sa kunnen baƙo yake da kaifi. Ba ya bukatar a faɗa masa sau biyu, sau ɗayan ma a cikin labari ya isa.

Mutaz ya ƙarasa tauna naman da ke bakinsa. Ya ajiye tsinken a hankali, ya goge hannu.

“Kashi mai kyau, Yaya Gado,” ya ce. “Allah ya ƙara basira.”

Ya yi sallama ya tafi. Jim kaɗan Usumanu ma ya miƙe, ya tafi da jakar riɗinsa a hannu.

Abin da na gaya wa Gado a ranar ba zai maimaitu ba. Na zage shi, na zagi sanda, na zagi direban da ya kawo akwatin. Shi kuwa sai cewa yake, “Ni fa labari na ba da, Yaya. Gem ne fa.” Na ce mutumin da ya baro shagonsa da gidansa yana ji yana gani, shi ka kawo wa garin da ya ƙone a cikin gem? Magana zarar bunu ce, ka zaro, sai ka mayar mu gani.

Da safe ya tafi mahauta. Kafin ya dawo guttiya a share take tas, an naɗe tabarma, an mayar masa da angareb ɗinsa ciki daidai inda yake da. Manahil ta bi ɗaki-ɗaki ta yi ban kwana tana kuka, ta ce sun sami wuri a garin Showak wajen wata gwaggonta. Ko allura ba su ɗauka ba.

Gado ya yi kwanaki bai shiga ɗakin nan ba, yana kwana a ƙasa ƙarƙashin rakuba. Daga baya ya naɗe agashe a takarda, ya hau mota zuwa Showak. Ya sami Mutaz a tasha, ya kafa ɗan tebur yana gyaran waya ga matafiya. Ya ce mini Mutaz ya tashi ya tarbe shi, ya ba shi kujerarsa, ya aika aka kawo jabana. Gado ya roƙe shi ya dawo, har da rantsuwa. Mutaz ya ce, “Ma'alesh, Yaya Gado, babu komai wallahi. Nan ya fi mini kusa da aiki. Alherinka yana wuyana.” Duk ta inda ya ɓullo, sai ya tarar da wannan ladabin a tsaye kamar katanga.

Da ya dawo na ga idonsa ja, na ce a raina to, ƙanena ya yi hankali. Ya zauna a kan bencinsa, ya ce:

“Yaya, kin san me na gani a ƙarƙashin teburinsa?”

“Me?”

“Jakar riɗi. Da shuɗiyar igiya. Har can ya bi shi ya kai masa.”

Na rasa ko in yi kuka ko in kwaɗa masa ludayi. Mutum ya kori ɗan'uwansa daga gida, ya je biko an ƙi, amma abin da ya dawo da shi a ƙirji riɗi ne.

Yanzu an kwana biyu da yin wannan. Mutaz yana Showak, ana gaisawa a waya, da salla ya aiko wa yara alewa. Usumanu bai yi faɗa da Gado ba, shi ba ya faɗa da kowa. In yana gari yana zuwa benci, ya yi sallama, ya zauna a ƙarshensa, ya ci tsinkensa. Ranar Juma'a dai sai ya ce akwai gajiya, ko yana da wata 'yar tafiya. Akwati yana kan kwaba cikin zanen mahaifiyarmu, doka kuma doka ce, Gado bai taɓa shi.

Kashi na biyu kuwa ya canza. Yanzu mai salka ne ke komai. Gado ya ba shi suna, ya ba shi gari, ya ba shi gonar riɗi da ba ta fashewa. Ya ce duk kamfanin da ya yi kashi na biyu bai fara da mai salka ba, bai san aikinsa ba, kamar shi ya fara faɗa. Rannan har sandar ya ba shi. Mai sanda ya karye a ƙafa a bakin teku, ya miƙa wa abokinsa sandar, ya ce shiga jirgin, ni zan riƙe maka ruwan. Da ya kawo nan sai ya yi shiru, ya sunkuya ya juya tsinke, ya gyara garwashi.

Tela bai tambaya ba, ya san ba shi ake jira ba. Usumanu yana kallon wuta. Shirun ya yi tsawo, har na ji kitse na ɗiga a garwashi, har ladan ya fara gyara lasifika. Gado yana sunkuye bai ɗago ba. Na dubi furfurar nan ta gemunsa, na tuna nauyinsa a bayana, tausayi ya kama ni. Ni da ban taɓa tambayar labarin nan ba ko sau ɗaya, na ajiye ludayi na ce:

“Daga nan fa, ya Gado?”

Bai juyo ba.

“Ba ke ba, Yaya,” ya ce a hankali.

Ya sake juya tsinken, alhali naman ya riga ya gasu.